Ranar da tarakta ta shiga sana'ar faskare

Iskar farkon daminar bara ce ta jawo aikin nan duka. Wani dare cikin watan Mayu hadari ya haɗo daga gabas, aka yi guguwa ta kusan rabin awa, ruwan da ya biyo baya kuwa ko ƙura bai kashe ba. Da safe yaron da ke kwana a gona ya kira ni, wai tsohuwar ɗorawar kan iyaka ta faɗi, ta taho da rabin mangwaron da ke gefenta. Gonar tana bayan Maigana, idan ka sauka daga titin Zariya zuwa Pambeguwa ka gangara wajen fadama. Kakanmu ma a wurin ya tarar da ɗorawar nan, kuma da kalwarta Inna take daddawa tun ina ɗan firamare. Da na je na same ta kwance, saiwoyinta a sama sun fi ni tsawo. Ashe rabin gindin kogo ne, gara ta daɗe da cinye shi muna zaune a inuwa ba mu sani ba.

Ba mu taɓa ta ba a lokacin. Shuka ta matso, tarakta tana haro a gonakin mutane daga asuba zuwa magariba, kuma duk wanda ya taɓa shiga jiƙaƙƙiyar gona da tirela mai kaya ya san sauran labarin: taya ta nutse, ƙasa ta danƙare, masara ta yi fushi da wurin. Muka sassare ƙananan rassa, mata suka kwashe ƙirare, muka ja kunyoyi muka kewaye gangar jikin. A cikin masara ta yi damina har girbi.

Taraktarmu Massey Ferguson ce, 375, ta hannu, ni da Yaya muka haɗa kuɗi muka saye ta. Mutanen ƙauye tantan suke ce mata. Daga Mayu zuwa Yuli ba ta da lokacin kanta, bayan girbi ta yi jigilar buhuna, daga nan sai ta koma ƙarƙashin rumfa kaji na kwana a kujerarta har a sake jin ƙamshin ruwa. Wata huɗu cur ƙarfe mai ƙarfin doki 75 yana zaman kashe wando, alhali a cikin gida kullum maganar itace ake yi. Gidanmu babba ne, idan an sauke tuwon dare kwano goma sha ake rabawa. Tukunyar gas tana nan, amma tun da kilo ɗaya ya haura naira dubu a 2024 ta koma ta shayin safe da ɗumamen baƙo. Tuwo da wake da dambu da ruwan wankan jego duk na murhu ne. Itacen sayarwa kuwa ɗaurin ramewa yake yi kuɗin na ƙiba, masu motoci suna cewa dazukan da suka saba shiga ta wajen Birnin Gwari ba su shiguwa kamar da, na kusa kuma an gama da su.

Mai yi mana faskare wani dattijo ne ɗan ci-rani daga ƙasar Zamfara. Yana zuwa da an gama girbi, ya koma in hadari ya fara haɗowa. Ya fi shekara goma yana shiga gidanmu, kowa Baba yake ce masa, har Inna da suke kusan sa'o'in juna. Kayan aikinsa gatari biyu ne, da guduma, da wasu guntayen ƙarafa masu baki da yake kafawa cikin tsaga ya bi su da duka. Cikin Disamba na goya shi a babur muka je ya ga aikin. Ya zagaya ɗorawar sau biyu yana ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari, sannan ya ce:

"Alhaji ƙarami, miƙaƙƙen nan duk nawa ne. Amma nan da nan," ya nuna inda manyan rassa suka rabu, "ko sa za ka ba ni ba na taɓawa. Jijiyar ta murɗe. Gatari shiga zai yi ya ƙi fitowa."

Ba ranar ya fara faɗa mini haka ba. A bayan gidanmu akwai tsibin gungumen da ya ƙi a shekarun baya: gwafar mangwaro, gindin darbejiya, da wani kututturen ƙirya da ya bushe a tsaye tun mahaifinmu na da rai, muka sha wuya kafin mu kawo shi gida. Kowace shekara sai mu biya kuɗin yanka, mu biya na dako, sannan mu zuba wa gara mafi nauyin itacen kyauta. Wannan tsibin ne ya tsaya mini a rai.

A waya na ga maganin. Manoman Kanada da Amurka suna da wata na'ura da suke nunawa a YouTube, doguwar ƙarfe ce kwance, a ƙarshenta an kafa baki kamar na gatari amma mai kauri, sai sandar haidirolik, wato mai aiki da matsin mai, ta turo gungume a hankali ta matse shi a kan bakin har ya dare. Wasu na'urorin da injinsu, wasu kuma daga tarakta suke shan mai. Na nuna wa Yaya, ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai dai ba ka taɓa rasa hanyar kashe kuɗi." Tun da bai ce a'a ba, na ɗauka ya yarda.

Panteka na nufa a Kaduna, don in dai ƙarfe ne, abin da babu a can sai a haƙura. Da farko na ƙyalla ido a kan jak ɗin tifa, ganin girmansa, sai wani mai shago ya tambaye ni me zan yi da shi. Da na yi masa bayani ya girgiza kai. Jak ɗin tifa turawa kawai ya iya, nauyin bodi ne ke mayar da shi, in ka kwantar da shi ya fita, to ya fita ke nan sai ka nemo ƙarti su tura maka. Abin da nake bukata silinda ce mai tiyo biyu, mai tafiya da dawowa da ƙarfin mai, irin ta hannun katafila. Mutumin nan ya rasa ciniki babba ya sayar mini da ƙarami, Allah ya saka masa. Na dawo da silindar tsohuwar katafila, da bawul mai liba ɗaya, da tiyo, da wani guntun ƙarfen gini mai kauri da ya kai mita biyu.

Lissafin ba wuya, kuma yana da kyau mutum ya yi shi kafin ya zuba kuɗinsa. Faɗin cikin silindar santimita 10 ne, wato fuskar da mai zai tura ta kai murabba'in santimita 78 da ɗoriya. Famfon taraktar yana matsa mai da nauyin kusan kilo 200 a kan kowane murabba'in santimita. In ka ninka, ka haura tan 15. Ƙarfi dai akwai shi. Sauri ne babu, domin famfon irin taraktarmu an yi shi ne don ɗaga garma, bai wuce lita 16 a minti ba, ita kuwa silindar kafin ta miƙe santimita 60 sai ta sha kusan lita biyar. Sakan 18 ke nan zuwa, dawowa ta ɗan fi sauri. Na ga wannan a takarda tun kafin a kunna walda, amma ban gane ma'anarsa ba sai ranar da na tsaya kusa da Baba.

Mai waldar garinmu ya harhaɗa, ya ƙera bakin daga wani ƙarfen wuƙar gireda, ya yi wa na'urar ƙafafu. Bakanikenmu ya fito da hanyar mai daga inda ake haɗa tiyon juye tirela, ya kuma yi wa man hanyar komawa cikin tarakta. Ya gargaɗe ni cewa muddin mai na zuwa na'ura, hannuwan baya na tarakta ba za su ɗaga komai ba, kada in zaci lalacewa ta yi.

Kafin faskare akwai fito da itacen daga gona, kuma a nan ne na kusan barin yarana marayu.

Mai injin zarto ya zo ya datsa ɗorawar gida-gida. Akwai wani babban guntu da ya faɗa cikin kwari gefen iyaka, inda tirela ba za ta kai ba, na ce bari in jawo shi fili da sarƙa. Direbanmu ya tafi sallar azahar, ni kuma gaggawa ta ci ni. Maimakon in ɗaura sarƙar a ƙarfen ja na ƙasa, wanda aka yi dominta, sai na maƙala ta a sama, wajen da ake sa sandar tsakiya ta garma, wai don kan gungumen ya ɗan ɗagu. Na sa giya, na saki kuloci. Gungumen ya taho kamar taku biyu ya ci karo da wani kututture ya tsaya cak. Tarakta ba ta tsaya ba. Sai kawai na ga hancinta ya rufe mini bishiyoyin da ke gabana, tayoyin gaba suna lilo a iska. Ban san lokacin da ƙafata ta danne kuloci ba. Ta dawo ƙasa da wata irin ƙara, haƙorana suka haɗu, na ciji harshe.

Direban yana tahowa ya ga komai daga nesa. Ya iso bai ce uffan ba, ya kwance sarƙar ya mayar da ita ƙasa, sannan ya ce, "Oga, wannan ba ta ba mutum lokacin salati." Gaskiya ya faɗa. Idan abin da kake ja ya ƙi motsi, tayoyin baya kuma suka kama ƙasa, ƙarfin injin ba ya ɓacewa, jikin taraktar ne zai hau kan gindin tayoyin ya kifo baya, kuma ƙasa da sakan ɗaya ya isa ta kai inda ba ta dawowa. Sarƙar da aka ɗaura sama da tsakiyar tayoyin baya taimaka mata take yi, wadda aka ɗaura a ƙasa kuwa danne gabanta take yi. Taraktarmu ba ta da ƙarfen kariya a saman kujera, kamar yawancin na yankinmu. Na san wannan duka, na sha gaya wa yara masu koyo. Ranar ban ci abincin rana ba.

Jan ma bai yi mana rana ba. Gungumen da aka ja a ƙasa ɓawonsa cika yake da yashi da tsakuwa, mai zarto ya sa masa inji bai yi minti biyu ba haƙoran suka dakushe, ya zauna da magagari yana wasawa yana ƙunƙuni, kuma da gaskiyarsa. Daga nan muka sauya: a yanka kowane gungume inda yake kwance, a mirgina guntayen kan katako biyu zuwa cikin tirela. Masu nauyi a gaba, wajen da tirela ke ɗora nauyinta kan tarakta. Tirelarmu ba ta da birki nata na kanta, saboda haka a gangaren fadama rabin kaya muke ɗauka, da ƙaramar giya tun daga sama, kuma ba a taɓa kuloci sai an kai ƙasa. Ɗanyen itace ya fi buhun masara yaudara, tirela ba ta cika a ido ba amma ta riga ta yi nauyi. Na kuma kafa doka cewa ba yaron da zai hau kan kaya ko murfin taya, abin da ya sa na zama mugu a unguwa har tsawon mako guda. Sawu bakwai muka yi.

Ranar faskare kamar ana biki a bayan gidanmu. Aka kunna tarakta, aka ɗora guntun ɗorawa miƙaƙƙe, na ja liba. Sandar ta fito tana rarrafe, ta matse shi, ya yi ƙara ya rabu biyu. Yara suka yi ihu. Baba yana gefe da gatarinsa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya jawo irin guntun nan ya tsayar. Kafin sandata ta gama komawa gida ya riga ya raba nasa huɗu. Na sake ɗorawa, ya sake jawowa. Da muka yi kamar goma-goma tsibinsa ya ninka nawa, shi ko numfashinsa bai sauya ba, ni kuwa ina ƙona man da litarsa ta haura dubu. Wani maƙwabci ya ce, "Ashe tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta." Aka yi ta dariya, har da Yaya, wanda dariyarsa ta fi ta kowa yi mini ciwo.

Sai na ce a mirgino gwafar mangwaron nan da Baba ya ƙi shekara uku da suka wuce. Mutum biyu suka ɗora ta. Sandar ta same ta, injin ya sauya murya, tiyo ya miƙe ya yi tauri, aka ɗan yi shiru, sai ji kake ƙaƙaƙas, jijiyoyin suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya har ta buɗe kamar an ɓare gyaɗa. Baba ya ajiye gatari ya matso. Ya shafa cikin tsagar, ya leƙa bakin ƙarfen, ya ce a kawo ta gaba. Da za mu ɗora sai ya riƙe hannuna.

"Ba ta nan ba, ɗan nan. Juya ta. Ka ba shi ta gindi, rassan su kalli baya. Ka ga wannan layin? Nan take son buɗewa."

Muka juya yadda ya ce. Injin ko nishi bai yi ba ta rabu. Tun daga wannan lokacin aikin ya raba kansa ba tare da kowa ya tsara ba. Miƙaƙƙen itace na gatari ne, Baba da wani ɗan'uwansa suna yi. Duk abin da ke da gaɓa ko gwafa ko murɗiya a turo wa na'ura, amma Baba ne zai zo ya duba ya ce ga inda za a sa baki. Ni ina kallon gungume in ga gungume. Shi yana ganin tsagar da rana ta fara yi, da inda reshe ya taɓa fitowa ya mutu, da gefen da bishiyar ta jingina tana ƙarama. In na bi son raina na ɗora yadda na ga dama, na'urar takan raba, amma da gurnani da ɓata mai, wani lokaci bakin ya maƙale sai an sa guduma. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, sai dai ban zaci har da maganin haidirolik ba.

Abu biyu ban yi wasa da su ba. Na farko, wanda ya riƙe gungume shi ke jan liba, ba a raba aikin nan tsakanin mutum biyu, kuma hannu a gefen itace yake zama, ba a goshinsa ko cikin tsaga ba. Tan 15 bai san yatsa ba. Na biyu, ranar da muka ga mai yana naso a jikin wani tiyo, yaron direba ya kai hannu zai shafa ya gano ramin, bakanike ya daka masa tsawar da ta sa ya yi tsalle. Man da ke fita ta ƙaramin huji da irin wannan matsi yana huda fata kamar allura ya shige cikin nama, ciwon ba ya nuna girmansa a ranar, amma yana iya kai mutum ga rasa hannu. A kashe inji, a motsa liba matsin ya sauka, a nemi ramin da guntun kwali.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya kuwa a cikin gida aka kama ni da shi. Sawu biyu na farko na sa mai zarto ya yanka gajeru, bai fi taƙi biyu ba, yadda na gani a waya, don sun fi kyan jerawa. Aka kai wa Inna ta gani. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya ta ce, "Wannan na dafa shayi ne ko na wasan yara?" Sai a lokacin na tuna cewa mutanen can murhunsu akwatin ƙarfe ne mai ƙofa, a jefa itace a rufe. Namu duwatsu uku ne. Itace dogo ake so, a sa kansa ƙarƙashin tukunya, yana ci ana izawa, in wuta ta yi yawa a janye ɗaya, in an gama a zare a yayyafa ruwa a ajiye bakin wutar don gobe. Gajere ba ya izuwa, ba ya jawuwa sai an ƙona hannu, kuma in ya kama sai ya cinye duka. Allah ya taimake ni mai walda ya bar wa na'urar tsawo, sauran muka yanka kamu ɗaya da rabi. Gajerun suna nan, masu shayi da mai tsire na bakin titi sun saye wasu.

Wani abin mamaki, ɗorawar nan da ta yi wata bakwai a kwance, da aka tsaga ta cikinta sanyi ƙalau, har da danshi a hannu. Itacen da ke cikin ɓawonsa bai san rani ya yi ba. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai ruwan ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka yake ci da kyau. Kafin nan wutar tana ɓata ƙarfinta wajen dafa ruwan da ke ciki, gindin itacen na kumfa yana tsiyaya, hayaƙi na cika madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan uku a shekara. Ni ban buƙaci alƙalumansu ba, na ga idanun Inna, na kuma san tarin da uwargidana take yi duk watan Agusta.

Mu dai Allah ya ba mu hunturu, wanda ya fi kowace na'urar busarwa. Itacen da aka faskara cikin Disamba aka jera inda iska ke ratsawa, kafin zafin Maris ya yi nisa ya yi sauƙi a hannu, goshinsa ya tsattsage, in ka gwara biyu ka ji ƙara siririya maimakon bif. Maganar ita ce yadda zai kai damina a haka. Abokiyar gabarmu gara ce. Na jera bulo, na ɗora tsofaffin bututun ƙarfe a kai, itace ya tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya da rabi, aka barbaɗa toka a ƙarƙashi, kuma duk mako ana leƙawa a karya hanyar da ta fara ginawa a jikin bulo. Na nisanta jerin da bangon gida, don garar da ta gama da itace azara za ta nufa, ga kuma tsoron gobara lokacin iska. Layi biyu-biyu, da tazarar da mutum zai wuce, tsawo bai wuce ƙirjina ba saboda yara. Duk mai ɗiba ya fara bugun jerin da sanda, kunama na son irin wurin nan.

Da hadarin farko ya taso na yi wauta ta ƙarshe. Kwanon rufin da na tanada bai isa ba, sai na lulluɓe layi ɗaya da tamfol har ƙasa, na danne da duwatsu, ina jin na yi dabara. Bayan mako uku da aka buɗe, zufa ce ta jiƙa shi daga ciki, ya yi baƙi-baƙi yana warin funfuna. Wanda ke ƙarƙashin tsohon kwano, gefensa a buɗe, feshin ruwa na taɓa shi iska na busarwa, lafiyarsa lau. Sama kawai ake rufewa.

In za a yi lissafi na gaskiya, kuɗin silinda da walda da mai ba su dawo a shekara ɗaya ba, Yaya ma yakan tuna mini. Abin da na samu shi ne tsibin bayan gida ya tashi daga abincin gara ya koma wuta, kuma shi ne itacen da ya fi daɗewa a murhu, don mai gaɓa a hankali yake ci ya bar garwashi. Maƙwabta sun fara kawo nasu gungumen, su sayi mai, a raba musu. Sai dai labari ya fi haka tafiya. Wani mutum ya same ni har gida, wai yana da kaɗanya uku da ɗorawa ɗaya a gonar da ya saya, suna hana masara rana, in zo da tantan da mai zarto mu raba itacen biyu. Rayayyu, masu 'ya'ya. Da can abin da ke kare irin bishiyoyin nan, bayan tsoron malamin daji da faɗan tsofaffi, har da wahala: wa zai sare, wa zai ɗauko, wa zai faskara? Yanzu ga ni na kawar da wahalar da hannuna. Na ba shi haƙuri na ce na'urar ta abin da ya faɗi ne ko ya bushe, ya tafi yana ganin na cika iyayi, wataƙila ma ya sami wani. A tawa gonar na ce wa masu sharar bana kada su tumɓuke tohon marke da kalgo da ke fitowa daga tsofaffin kututture, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari a datse sauran, irin abin da manoman Maradi suka daɗe suna yi suna kira sassabin zamani. Na kuma dasa ɗorawa biyu kusa da ramin tsohuwar, na kewaye su da ƙaya, ko da yake ba ni zan ci daddawarsu da yawa ba.

Kututturen ƙiryar nan muka bari ƙarshe. Mutum huɗu suka ɗora shi. Baba ya daɗe yana zagaya shi, ya sa aka juya sau uku, sannan ya ja da baya ya ce in gwada, amma shi bai ga ƙofa ba. Na ja liba. Bakin ya shiga kamar faɗin yatsa biyu ya tsaya. Injin ya yi gurnani, bawul ya fara kuka, ƙarfen da ke tura gungumen ya soma lanƙwasa ina kallo, na saki. Sai da guduma muka ɓamɓare shi daga bakin. Ba banza maƙera suke neman gawayin ƙirya ba, ba kuma banza ake sassaƙa turmi da ita ba.

Maƙerin unguwarmu ya ji labari ya zo ya taya, na ce ya bari in yi shawara. Kafin in gama shawarar Inna ta sa almajirai sun mirgina shi zuwa ƙofar madafa. A kansa take zama yanzu tana iza wuta, tsagar da na'urata ta yi kuma nan take soke wuƙar yankan kuɓewa.